Cornwall: yadda kuza, kifi da farar ƙasa suka ɗaga wata gundumar Ingila suka kuma sauke ta

Idan mutum ya duba taswirar Ingila, can ƙasa ta kudu maso yamma zai ga wata ƙafa ta miƙe cikin Tekun Atlantika. Ita ce Cornwall. Teku ya kewaye ta ta fuska uku, ta gabas kuma kogin Tamar ya kusa yanke ta daga maƙwabciyarta Devon. A ƙidayar 2021 mutanenta sun kai kimanin 570,000, kuma birni ɗaya tak gare ta, Truro. Yau Turawa sun fi saninta da hutun bakin teku. Amma shekara ɗari da saba'in da suka wuce tana cikin manyan wuraren haƙar ma'adinai na duniya, a farkon ƙarnin nan kuma tana cikin yankunan Birtaniya da suka fi talauci, har Tarayyar Turai ta sa ta a sahun masu karɓar tallafi mafi girma. Dalilin wannan hawa da sauka bai da wuyar ganewa idan aka bi sawun abu uku: ruwan da ke cika ramukan haƙa, kwal ɗin da gundumar ba ta da shi, da farashin da kullum a wani wuri ake yanke shi.

Ƙashin bayan Cornwall dutsen giranit ne, dangin wanda ya cika tsaunukan Jos. A gefen wannan dutse ne jijiyoyin kuza da jan ƙarfe suka kwanta, sirara, a tsaye ko a karkace, suna nutsewa ƙasa. Mutanen farko ba su bi jijiyar ba. Kuzar da ruwa ya wanko ya zube a kwari suka riƙa tonowa suna wankewa, mai nauyi ya zauna, yashi ya tafi. Da ita ake haɗa tagulla, kashi ɗaya na kuza cikin kusan tara na jan ƙarfe, kuma tun kafin haihuwar Annabi Isa marubucin Girka Diodorus ya ba da labarin fataken da ke zuwa sayenta.

Sarakunan Ingila sun gane darajar abin da wuri. A 1201 Sarki John ya ba masu haƙar kuza takardar 'yanci: su tona inda al'ada ta yarda, su yi shari'arsu a kotunansu. Ladan wannan 'yanci haraji ne. Duk kuzar da aka narka sai an kai ta ɗaya daga garuruwan da aka keɓe, irin su Lostwithiel, Truro da Helston, a auna, a gutsure kusurwar kowane curi a gwada ingancinsa, a buga hatimi, a biya. Daga 1337 kuɗin ya koma aljihun babban ɗan sarki, wanda ake naɗa wa sarautar Duke na Cornwall, kuma ba a daina wannan awo ba sai 1838. Sarautar tana nan har gobe a hannun Yarima William, kodayake yawancin filayenta ba a Cornwall suke ba. Wani abin mamaki da ya rage daga wancan zamani shi ne, wanda ya mutu a gundumar bai bar wasiyya ko magaji ba, dukiyarsa ta wannan sarauta ce.

Mutanen wurin ba su ɗauki kansu Ingilishi ba. Harshensu ɗan uwan na Wales ne da na Brittany ta Faransa. A 1497 wani maƙeri, Michael An Gof, da wani lauya, Thomas Flamank, suka ja dubban mutane da ƙafa har bakin Landan don ƙin harajin yaƙi da Sukotland, aka murƙushe su a Blackheath aka kashe jagororin. A 1549 suka sake tashi saboda an tilasta musu littafin addu'a da Ingilishi, aka kashe dubbai. Daga nan harshen ya riƙa ja da baya zuwa yamma. Dolly Pentreath, mai sayar da kifi a Mousehole da ta rasu a 1777, ita aka saba ambata a matsayin ta ƙarshe da ta tashi da shi. An farfaɗo da harshen daga rubuce-rubuce a ƙarni na ashirin, a 2014 kuma gwamnati ta amince da mutanen Cornwall a matsayin ƙaramar al'umma mai asalinta na daban.

Lissafin ruwa da kwal

Da kuzar kwari ta ƙare aka shiga bin jijiya cikin dutse, nan aka haɗu da abokin gaba na dindindin. Ƙasa ce mai ruwan sama, dutsen kuma duk tsaga ne, saboda haka kowane rami rijiya ne. Dabara ta farko ita ce a haƙa magudana daga gindin kwari ko bakin teku, ta shiga cikin tudu da ɗan gangare, ruwa ya fita da kansa. Mafi girma cikinsu an fara ta a 1748 a yankin Gwennap, ta yi rassa har tsawonta ya kai wajen mil 40, tana kwashe ruwan ramuka da dama zuwa kwarin Carnon. To amma magudana ba ta taimakon abin da ke ƙasa da ita. Duk ruwan da ya taru a can sai an ɗago shi, dare da rana, ko ana samun riba ko ba a samu.

Injin tururi ne ya warware wannan, ya kuma kawo tasa matsalar. Cornwall ba ta da kwal ko kaɗan. Daga kudancin Wales ake kawo shi a jirgin ruwa, a sauke a Hayle ko Portreath, a ɗora wa alfadarai su hau da shi tudu. Injin Newcomen na farko cin kwal gare shi kamar ba gobe. Da kamfanin Boulton da Watt ya kawo nasa a 1777, masu ramuka suka yi rububinsa, sai dai sharaɗin ya yi musu ɗaci: kowace shekara za a lissafa kwal ɗin da sabon injin ya rage musu, a biya kamfanin sulusin kuɗin. Shari'a da gaba suka yi ta gudana har haƙƙin ƙirar Watt ya ƙare a 1800.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi komai burgewa a tarihin wurin. Richard Trevithick, ɗan wani shugaban rami, ya koma amfani da tururi mai ƙarfin matsi wanda Watt yake tsoro, har ya tuƙa keken tururi a titin Camborne a jajibirin Kirsimeti na 1801. Daga 1811 kuma aka fara buga rahoton wata-wata, wanda iyalin Lean suka riƙe, yana bayyana aikin kowane injin famfo a fili. Ma'aunin ɗaya ne: laba nawa ta ruwa injin ya ɗaga tsawon ƙafa ɗaya da awo ɗaya na kwal mai nauyin laba 94. Injunan zamanin Watt suna yin wajen miliyan 20. Da kowane injiniya ya ga sunansa da lambarsa kusa da na abokin hamayyarsa, sai gasa ta kankama. Aka lulluɓe silinda da bututu don kada zafi ya tsere, aka riƙa datse tururi da wuri a bar shi ya buɗe da kansa ya ƙarasa tura fistin. Zuwa shekarun 1840 matsakaicin inji ya haura miliyan 50, zakarun kuma suna kusantar miliyan 100. Tsadar kwal ce ta koya musu tattali, kuma ba su ɓoye wa juna sirri ba. Maƙerar Harvey ta Hayle ta kai ga ƙera injin da silindarsa ta kai inci 144 a faɗi don janye ruwan tafkin Haarlem a Holan.

Ga yadda injin yake aiki. A saman bangon ɗakin inji an ɗora wani ƙaton ƙarfe kamar hannun sikeli. Gefe ɗaya yana haɗe da fistin, ɗaya gefen ya leƙa bakin rami yana riƙe da jerin gungumen katako da aka ɗaure da ƙarfe har ƙasa. Tururi yana ɗaga gungumen ne kawai. Nauyinsu idan suna komawa shi ke tura ruwa sama, daga wannan tanki zuwa na bisansa, hawa-hawa. Waɗannan ɗakunan inji masu dogon bututun hayaƙi su ne kangayen da ake gani yau a kan duwatsun Botallack, inda ramukan suka bi ta ƙarƙashin teku har ma'aikata kan ji duwatsu na gungurawa a kansu idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi.

Wa ya ci ribar?

Tsakanin 1750 da 1860 jan ƙarfe ne sarki, ba kuza ba. Amma dutsen da ake fitarwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarfe ba, narka shi kuma yana cin kwal ninkin-ba-ninkin. Saboda haka ya fi araha a kai dutsen wajen kwal. Jiragen da suka kawo kwal sai su koma Swansea da dutsen jan ƙarfe. A ranar ciniki a Redruth ko Truro, wakilan kamfanonin narkawa kan rubuta tayinsu a takarda, a buɗe, mafi tsada ya ɗauka. Da yake masu sayen 'yan kaɗan ne kuma sun san juna, masu ramuka sun daɗe suna kukan cewa baki ɗaya ake haɗa musu. Masana'antar narkawa, da ta birgima ƙarfe, da ayyukan da ke biye da su, duk a Wales suka tsaya.

Tsarin mallakar ramin ma bai bar kuɗi ya kwana ba. Masu zuba jari kan raba rami kashi 64 ko 128 ko fiye. Duk bayan wata biyu ko uku su taru a ofishin ramin, ma'aji ya karanta littafi. Idan an ci riba a rabe ta a take, a ci abinci a sha. Idan an faɗi, kowa ya kawo gwargwadon kasonsa. Ba a ajiye komai don ranar wahala ko don zurfafa rami kafin jijiyar da ake ci ta ƙare. Da yawa daga masu jarin kuma 'yan kasuwa ne da ke sayar wa ramin kwal, katako, igiya da kyandir, don haka ko ramin bai ci riba ba su sun ci. A samansu akwai mai ƙasa, wanda ke karɓar kasonsa daga duk abin da aka fitar ba tare da ya zuba ko kwabo ba. A farkon shekarun 1880 iyalin Basset sai da suka karɓi fam 25,000 kafin su sabunta hayar Dolcoath, ramin da ya fi kowanne girma.

Ma'aikacin ƙarƙashin ƙasa iri biyu ne. Akwai ɗan jinga, wanda ake biya bisa tsawon abin da ya fasa, ana auna shi da gaba, kowace gaba ƙafa shida. Akwai kuma ɗan kashi-mu-raba. Shi wannan, a ranar rabon wurare, shugaban rami zai tsaya a barandar ofis ya ambaci wani yanki na jijiya, ƙungiyoyin ma'aikata su yi ta tayi suna rage wa juna: mu za mu yi a kan sule goma cikin kowane fam na kuɗin dutsen, wasu su ce tara, wasu takwas. Wanda ya fi sauka shi ke samu, na wata ɗaya ko biyu. Daga kason nasa za a cire kuɗin kyandir, albarushi, wasa ƙarafa a maƙera, ɗago dutsen, da kuɗin likita. Idan jijiyar ta buɗe bayan an ƙulla ciniki, mutum na iya samun na shekara a wata biyu. Idan ta tsuke, ya fito da bashi. Tsarin ya sa kowane ma'aikaci ya zama masanin dutse, mai karanta jijiya da ido, kuma wannan ilimin ne daga baya ya sayar a duniya. Amma ya mai da maƙwabci abokin takara, shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ba ta yi ƙarfi a nan ba kamar a ramukan kwal na arewa. Idan yunwa ta yi tsanani, kamar a 1847 bayan cutar dankali, abin da suka sani shi ne su fito gari su tilasta a sayar da hatsi a kan farashin da suka ga ya dace.

A sama mata da yara ne ke aiki. 'Yan matan rami, da guduma mai dogon hannu, su ke farfasa dutsen jan ƙarfe su tsince mai kyau. Kuza kuwa, da yake ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na dutsen ba, sai an daka shi ya zama gari da manyan taɓaren ƙarfe, a wanke a kan faranti mai gangare sau da yawa, a gasa don fitar da gubar asenik, wadda ita ma ake kankarewa daga bangon bututu a sayar.

Jikin ma'aikaci ne ya biya sauran. Haskensa kyandir ne da aka manna a hula da yumɓu. A wasu ramukan Gwennap zafi kan wuce digiri 38. Bayan awa takwas a hayaƙin albarushi, mutum zai hau tsani na ƙafa dubu ko fiye, abin da kan ci kusan awa guda, ya fito jiƙe da gumi cikin iskar hunturu. Zuciya da huhu ba sa daɗewa. A 1831 William Bickford ya ƙirƙiro lagwanin fasa dutse mai ci a hankali, wanda ya rage makanta da asarar yatsu. A 1842 aka kafa injin ɗaukar mutane na farko a Cornwall, a ramin Tresavean. Irin wanda ya yaɗu daga baya dogon gungume ne mai matakai yana hawa da sauka ƙafa 12, mutum ya taka a ɗaga shi, ya sauka a dandamali, ya jira mataki na gaba. Ya ceci rayuka da yawa, amma ranar 20 ga Oktoba 1919 ƙarfen da ke riƙe da na ramin Levant ya karye lokacin tashi daga aiki, mutum 31 suka mutu. Kafin wannan, a Yulin 1846, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya kwarara cikin East Wheal Rose ya kashe 39. Injin huda dutse da ya zo a ƙarshen ƙarnin ya fi su duka kisa, a hankali, ta ƙurar da ke cinye huhu.

A cikin wannan rayuwa ce wa'azin John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Kirista ta Metodis, ya samu shiga. Ya fara zuwa a 1743, ya dawo sau fiye da talatin, yana tara dubbai a wani kwarin da tsohon rami ya rufta a Gwennap. Cocin gwamnati na masu ƙasa ne. Ɗakin ibadar Metodis kuwa ma'aikata ne suka gina da hannunsu, mai wa'azin ma sau da yawa ɗan rami ne. A ƙidayar masu ibada ta 1851 'yan Metodis sun fi kowa yawa a gundumar. Daga nan karatu, ƙungiyoyin mawaƙa, ƙin giya da tsananta hutun Lahadi suka samo tushe.

Kifin da ake jira daga kan dutse

Arziki na biyu a teku yake. Daga ƙarshen bazara zuwa kaka, garken wani kifi dangin sadin kan matso gaɓa. A kan tudu akwai mai tsaro da ke duban canjin launin ruwa. Da ya hango sai ya ƙwala "Hevva!", ya riƙa nuna wa jirage hanya da rassan itace a hannu biyu. Babban jirgi ya zagaye garken da taru mai tsawon kusan rubu'in mil, a ja shi zuwa ruwa marar zurfi a kafe, a riƙa ɗiba da ƙaramar koma gwargwadon abin da mata za su iya gyarawa a rana. A rumbu ana jera kifi da gishiri, shimfiɗa kan shimfiɗa, ya yi kusan wata guda. Sai a wanke, a shirya a ganga, kowace ta ci wajen 3,000, a danne da dutse mai nauyi a kan doguwar sanda har mai ya tsiyaye. Man na fitila ne. Kifin kuma Italiya ake kai mafi yawansa, inda Katolika ke ci lokacin azuminsu. Wato masunta 'yan Metodis abincinsu ya rataya ne a kan azumin mabiya Fafaroma, kuma su da kansu sun mai da abin barkwanci. Shekarar 1871 ta fi kowace albarka, daga nan garken ya riƙa ƙauracewa gaɓa, zuwa shekarun 1920 sana'ar tarun ta mutu. Rikicin Newlyn na 1896 ya nuna inda aka dosa: jiragen Lowestoft daga gabashin Ingila suna kamun kifi ranar Lahadi su cika kasuwar Litinin, 'yan gari da ba sa fita ranar suka hau jiragen suka zubar da kifin a teku, sai da aka kawo soja.

Rushewa da watsewa

Jan ƙarfe ya kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 1850. Kafin nan Chile, yankin tafkin Superior a Amurka da kudancin Ostireliya sun fara fitar da dutse mai ƙarfe da yawa kuma kusa da sama. Da bankin Overend Gurney ya karye a Landan a 1866, farashi ya faɗi, ramuka suka riƙa rufewa. A nan lissafin ruwa ya nuna muguntarsa: idan rami ɗaya ya kashe famfo, ruwansa na bi ta tsaga ya shiga na maƙwabci, shi ma kuɗin famfonsa ya ƙaru har ya gaza. Haka Gwennap ta mutu kusan a lokaci ɗaya. Wasu ramukan Camborne sun tsira don sun tarar da kuza a ƙarƙashin jan ƙarfen. Dolcoath ya nutsa har ƙafa 3,300 kafin ya rufe a farkon shekarun 1920.

Kuzar ma ba ta daɗe ba, domin a Malaya ana wanke ta ne daga yashi, kamar yadda Cornwall ta yi shekara dubu baya, ba famfo mai zurfi, ba fasa dutse. A nan ne labarin ya taɓo ƙasar Hausa. Maƙeran Riruwai sun daɗe suna narka kuza suna zuba ta sirara kamar tsinke, kuma ganin irin wannan a kasuwa ne ya sa Kamfanin Neja ya bi sawunta har Filato a farkon shekarun 1900. Zuwa 1914 jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da filayen kuza. Abin da leburori ke fitarwa a Bukuru da diga da kwano ya shiga sahun abin da ya karya farashin Cornwall, alhali da yawa daga injiniyoyin da ke kula da aikin a Makarantar Haƙar Ma'adinai ta Camborne, wadda aka kafa a 1888, suka yi karatu. Kuzar Jos kuma, kafin a gina masana'antar narkawa ta Makeri a farkon shekarun 1960, yankin Liverpool ake kai ta, wurin kamfanin Williams Harvey, wanda asalinsa na Hayle ne ya ƙaura don ya kusanci jiragen da ke kawo kuzar waje.

Mutane suka bi aikin. An ƙiyasta kusan 250,000 sun bar gundumar tsakanin 1861 da 1901. Tun 1820 da 'yan kai wasu sun tafi Real del Monte a Meziko, inda har yau ake cin irin burodinsu mai nama da dankali a ciki. Wasu suka nufi Moonta da Burra a Ostireliya, Grass Valley a Kalifoniya, Michigan, daga baya kuma zinariyar Johannesburg. Garuruwa irin su Redruth da St Just suka koma na mata da yara da tsofaffi, ana jiran jirgin wasiƙun Afirka ta Kudu da takardun kuɗi. Yaƙin Boer na 1899 ya datse wannan hanya dare ɗaya. Waɗanda suka dawo daga injin huda dutse na can kuwa, da yawa ba su kai shekara arba'in ba. Yawan jama'a ya kai kimanin 369,000 a 1861, bai sake kai haka ba sai ƙidayar 1971.

Farar ƙasa ce kaɗai ta riƙe. William Cookworthy, mai haɗa magani a Plymouth, ya gano ta a tudun Tregonning wajen 1746 yana neman sirrin tangaran ɗin Sin. Ruɓaɓɓen giranit ce, kuma mafi yawanta a kewayen St Austell take. Ana feshin bangon rami da ruwa mai ƙarfi, a bar yashi ya kwanta, a tace, a busar. Kowane tan ɗaya na iya barin har tan tara na shara, shi ya sa fararen tsaunuka suka tsiro a yankin. Kasuwarta ta koma ta takarda fiye da ta kwano. Kamfanonin suka haɗe a 1919, a 1999 wani kamfanin Faransa ya saye su, shi ne Imerys na yau, kuma injuna sun maye gurbin mafi yawan hannaye.

Gadar jirgin ƙasa da injiniya Brunel ya gina a kan Tamar a 1859 ta fitar da kifi, furanni da kayan lambu na farkon shekara zuwa Landan, ta kuma shigo da baƙi. Kamfanin jirgin ne ya tallata gundumar a matsayin wurin hutu, ya sa wa jirginsa na 1904 sunan da ke kwatanta ta da gaɓar kudancin Faransa. Kasancewarta a bakin Atlantika ya ba ta wani aiki na daban: wayar tangarahu zuwa Bombay ta tashi daga Porthcurno a 1870, Marconi ya aika saƙon rediyo zuwa ƙetaren teku daga Poldhu a 1901, kuma wayar intanet ta Glo-1 da ta taso daga Legas a Bude ta sauka. Irin wannan aiki suna gare shi, amma ba ya ɗaukar mutane da yawa.

Yawon buɗe ido na ɗauka, sai dai na wata huɗu ko biyar ne kuma albashinsa ƙarami. Baƙon da ya ji daɗin wuri kuma yakan dawo ya sayi gida. A ƙauyukan masunta da dama gidajen bakin ruwa a kulle suke duk hunturu, 'ya'yan masu garin suna haya a can cikin tudu. A 2016 mutanen St Ives suka kaɗa ƙuri'a cewa sabon gini sai ga wanda zai zauna a ciki, daga Afrilun 2025 kuma majalisar gundumar ta ninka harajin gida na biyu. Dokar St Ives ba ta taɓa tsofaffin gidaje ba, kuma a can ne matsalar take.

Tallafin Turai ya zo ne bayan an raba lissafin Cornwall da na Devon, aka ga abin da kowane mutum ke samarwa bai kai kashi 75 cikin ɗari na matsakaicin Tarayyar ba. Daga 2000 kuɗi ya shigo, aka gina harabar jami'a a Penryn, aka shimfiɗa intanet mai sauri, aka taimaka wa lambun Eden da aka buɗe a 2001 cikin tsohon ramin farar ƙasa. Duk da haka a 2016 kashi 56.5 cikin ɗari suka zaɓi ficewa daga Tarayyar. Masu ganin abin a matsayin butulci sun manta cewa ginin jami'a bai canza albashin mai share ɗakin otal a Newquay ba, masuntan Newlyn kuma sun daɗe da ƙullin yadda Tarayyar ke rabon kifi a zuci.

Ramukan kuza na ƙarshe Majalisar Kuza ta Duniya ce ta riƙe su, wadda Najeriya ma mamba ce a cikinta, ta hanyar saye da ajiya don tallafe farashi. Ranar 24 ga Oktoba 1985 kuɗinta ya ƙare. Tan ɗaya ya faɗo daga sama da fam 8,000 zuwa ƙasa da 4,000, bugun da ya sami Camborne da Jos a lokaci ɗaya. Ramin Geevor ya rufe a 1990, Wheal Jane a 1991, kuma da aka kashe famfonsa ruwa mai guba ya cika ya ɓalle a Janairun 1992 ya rina mashigin kogin Fal ja. South Crofty, na ƙarshe, ya tsaya ranar 6 ga Maris 1998. A 2006 UNESCO ta sa kangayen cikin kayan tarihin duniya.

Yanzu da kuza ta yi tsada saboda da ita ake like sassan waya da kwamfuta, wani kamfani ya koma South Crofty, wasu kuma suna gwajin fitar da litiyam na batir daga giranit ɗin St Austell da ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa. A South Crofty aikin farko da aka fara a ƙarshen 2023 shi ne janye ruwan da ya taru na shekara ashirin da biyar, ana tace kimanin lita miliyan 25 a rana kafin a sake shi cikin kogi.